Ranar da Gizo Ya Kori Mai Ajiya

"Ga ta nan, ga ta nanku. Mai gyangyaɗi ya gyara zama."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Allah da hikimarSa ya sa wa kowane mai rai ma'aikata biyu a ciki, Ajiye da ƙanenta Ciro. In zaƙi ya yi yawa a jini, Ajiye, wadda masu asibiti ke kira insulin, sai ta buɗe wa tsoka ƙofa ta ci, ragowar ta kai rumbun hanta. In yunwa ta zo, Ciro ya buɗe rumbu ya zubo.

To, Gizo ya gano inda Kura ke ɓoye tulun zumarta. Ya sha, ya sha, ya sha, har ya ji zai iya kada giwa. Da ya isa gida, ƙarfin ya lafa. Ya buga cikinsa, "Wa ke kwashe mini zaƙi?"

"Ni ce Ajiye, maigida. Tanadin gobe nake maka."

"Ni in sha wuyar sata, ke ki kwashe? Ɓarauniya! Na sallame ki!"

Matarsa Ƙoƙi ta leƙo. "Malam, da wa kake faɗa?"

"Da cikina."

"To, Allah ya ba mai gaskiya sa'a."

Ajiye ta ɗauki mabuɗanta, ta koma lungu ta zauna.

Washegari Gizo ya koma ya suɗe tulun tas. Zaƙi ya cika jini, babu mai buɗe masa ƙofa. Sai ƙishirwa, sai shan ruwa, sai fitsari. Ya yi a bayan dangar Kura, ya yi a gindin kanya, ya yi a ƙofar gidansa. Kiyashi suka ɗanɗana, suka kira dangi, suka jeru.

Kura ta dawo ta tarar da tulu wayam. Ta ce, "Kai kiyashi, ina zuwa haka?"

"Gidan Gizo, ranki ya daɗe. Bawan Allahn nan zuma yake fitsarawa, kuma kyauta!"

Kura ta bi layin kiyashi har gidan Gizo. Gizo ya hango ta, ya yunƙura zai gudu, ƙafafu suka ƙi.

"Ciro! Zubo ƙarfi!"

"Daga ina, maigida? Rumbu ya ƙare, mai zubawa ka kore ta. Ga zaƙi a jini kamar kogi, amma mabuɗin ƙafafu na hannun Yaya."

"Ajiye, uwar ɗakina, ai wasa nake!"

"Wa ke kiran ɓarauniya ta buɗe masa ƙofa?"

Caraf, Kura ta cafke shi. Ta matse ƙugunsa wai sai zumarta ta fito. Ta matsa, ta matsa, ta matsa, har Ajiye ta ji tausayi ta buɗe ƙofa. Gizo ya zame, ya haye rufin ɗaki. Shi ya sa har yau ƙugunsa kamar zare.

Kun ji, jikokina. Wanda ya kori mai ajiye masa ranar ƙoshi, ba mai ciro masa ranar gudu. Ku gode wa Allah da masu yi muku hidima ba ku gani.

Ƙungurus kan kusu. Wanda ya lashe mini zuma jiya kuwa, kiyashi za su faɗa mini.