Kujera Ɗaya a Falon Alhaji Barmo

A wani gari da na taɓa zama, sunansa ya kwanta mini yanzu, an yi wani gajeren attajiri, Alhaji Barmo. Da ya gina sabon falo sai ya kira Ilu kafinta, mai haya a shagonsa.

"Kujeru nake so," in ji Alhaji. "Kada kan baƙo ya wuce nawa, komai tsawonsa. Kuma kada kujerata ta fi saura tudu, a ce ina girman kai. In ka kasa, kwashe katakonka ka bar mini shago."

Ranar buɗe falo dattawan unguwa sun hallara, sai ga Ilu da kujera ɗaya tak da darduma a kafaɗa.

"Ina sauran?"

"Babu saura, ranka ya daɗe. Kujerar da ba ta da 'yar'uwa, wa za ta fi tudu? Baƙi kuwa ga darduma, duk wanda ya zauna kana samansa."

"Kai, ja'iri! In hakimi ya zo fa, a ƙasa zan ajiye shi?"

"Haba Alhaji, sai ka tashi ka ba shi, ka sauko cikinmu."

"Ai kansa ya wuce nawa ke nan!"

"To, in shi ma samansa kake so ka zauna, faɗi a gaban dattawan nan. Gobe in haɗa masa 'yar guntuwa, in kai masa ya gwada, in ce kai ka aiko."

Alhaji ya waiga, ya ga kowa ya kasa kunne.

"Wa ya ce haka? Aiki ya yi kyau, Malam Ilu. Koma shagonka."