Hawainiya Mai Jiran Dama

Ga ta nan, ga ta nanku. Kai, ku amsa mana! Ta zo mu ji ta. Yawwa.

A wani gari ne Hawainiya da 'yarta Tabawa suke ta musu.

"Inna, an yi ruwa fa, mu je shuka!"

"Ke, zauna. Ba mu samu dama ba."

"Wai mece ce damar nan?"

"Babbar baƙuwa ce. In ta zo za ta yi sallama."

Sai Tabawa ta zauna tana kaɗa ƙafa. Ba sallama. Sai yunwa ta zo, Hawainiya ta ɗebi irin geron da suka ajiye don shuka, ta yi kunu.

Aka sake ruwa. "Inna, Zabuwa ta shuka!"

"Ita ta sani. Kin ji sallama?" Ta ƙara ɗiba, ta yi kunu.

Ruwa na uku ya sauka. Tabawa ta leƙa ƙwarya, iri saura tafin hannu. In ya ƙare, bana ba gona ke nan. Sai ta ƙulle shi a bakin zane, ta fice.

Ta tarar da Kurege yana ta sara da sungumi.

"Kawu Kurege, ina kuka gamu da Dama?"

Kurege ya kwashe da dariya. "'Yar nan, ai a kanta kike tsaye. Taɓa ƙasar nan."

Ta taɓa. "Da laima."

"To ita ce. Ba ta sallama, ba ta ban kwana. Rana na buɗewa ta tafi."

"Ara mini sungumin!"

Ta sara, ta zuba, ta take. Kafin ƙasa ta bushe ta gama. Gero ya tsiro, ya yi kai, da kaka ta ɗaure dammuna.

Tun daga nan, in an ce mutum ya samu dama, ana nufin ya riski abu da laimarsa. Wanda ya zauna jiran sallama, irinsa zai sha a kunu.

Ranar da aka tuƙa tuwon sabon gero, Hawainiya ta ci, ta lashe yatsu, ta juya ido ɗaya.

"Kin gani? Ban ce miki mu jira ba? Ga dama ta zo har ɗaki."

Tabawa ta dube ta. Ta ɗauki malmala biyu za ta kai wa Kurege, ta bugo ƙyaure garam, ta yi waje tana dariya.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege.