Sakainar Tasalla

A zamanin da dajin yamma bai san gatari ba, wasu maharba suka kafa bukkoki a kan wani dutse, suka ja ganuwar ƙasa. A cikinsu akwai Tasalla mai zanen ƙwarya, wadda ake wa kirari da mai wuƙar da ba ta zub da jini.

Wata shekara mahara suka yi wa dutsen ƙawanya, suka tare hanyar rafi. Rumbuna suka ƙare, aka fara binne yara. Mantau, shugaban maharban, ya zo wurinta ya ce, "Inna, babu mai rubutu a cikinmu. Zana halin da muke ciki, mu aika wa dangi su kawo ɗauki."

Ta ɗauki sakaina, ta sassaƙa dutsen da ganuwarsa, da tsanin mahara jingine da ita, da masu kewaye kamar ƙaya. Ta shafa shuni, ta buga a fatar barewa. Ɗan aiken da aka ba fatar bai kai rafi ba aka kama shi. Tasalla ta zauna dafe da kai, tana ganin ta tona wa abokan gaba asirin yunwarsu.

Washegari da hantsi sai sansanin maharan ya yi tsit. Mantau ya ce tarko ne. Da ƙishi ya ci ƙarfin mutanen dutsen suka sauka, suka tarar da tukwane a kan murhu, ɗan aiken a ɗaure amma da ransa, da wani mahari da karaya ta hana shi gudu, fatar a gefensa.

Tasalla ta tambaye shi, "Me ya kore ku?"

Ya nuna gefen hoton, inda shuni ya kama wuraren da ba ta sassaƙa ba. "Ba ki ga rundunar nan a bayanmu ba? Ga dawakai, ga tutoci!"

Ta juya fatar sama da ƙasa, ta kai ta rana. Dabbaren shuni kawai ta gani. "Ni ban zana doki ba," in ji ta. Babu wanda ya saurare ta, ana ta guɗa.

Har ta rasu ba ta ga dawakan ba. Garin ya zama Dutsen Sakaina, kuma duk kaka ana buga hoton a sabuwar fata, a rataye a ƙofar gari. Rabin masu wucewa suna rantsuwa cewa ga runduna nan, rabi su ce shuni ne ya zuba.