Dalilin da Ya Sa Dutsen Tukunya Yake Aman Wuta

Dalilin da ya sa dutsen nan na cikin gem ɗinku na waya yake aman wuta, kai Jamilu, ajiye wayar ka saurara. Kullum a gindinsa kake ƙonewa kana zagin waɗanda suka ƙera gem, alhali ba ruwansu.

A da can Dutsen Tukunya lafiya lau yake, har awaki na kiwo a kansa. A cikinsa akwai wata tsohuwa, Iya Yalwa, aikinta tuƙa tuwon narkakken dutse a wata ƙatuwar tukunya. Ɗumin tuwon ke bi ta ƙarƙashin ƙasa yana raya gonakin kwari, inda 'yarta Lantana take noman gauta. Tukunyar murfi ɗaya tal gare ta, shi ke danne tafasar.

Sai ga jarumin gem, Tanko, irin wanda kuke tuƙawa. Kun san halinsu: su faɗa gidan mutum ba sallama, su farfasa tukwane wai suna neman makami. Tarbiyya ko ta sisin kwabo babu.

Iya Yalwa ta ce, "Yaro, ko gaisuwa? To fasa abin da ka ga dama, amma kar ka taɓa murfin nan. 'Yata na ƙasa."

Tanko ya ce, "Iya, ai inda aka ce kar a taɓa, nan ake ɓoye takobi."

Ya ɗaga guduma ya maka. Murfi ya tarwatse. Takobi? Ko allura babu. Tuwo ya taso ya yi ambaliya. Kumfarsa ce ta daskare ta zama duwatsun nan masu huji-huji da kuke gani suna yawo a kan ruwa. Sauran ya gangara kwari, ya rufe gona da mai gonar, ya sandare baƙi ƙirin.

Tanko ma ya soye. Amma shi rai uku gare shi, kafin ƙiftawar ido ya dawo tsaye, har da sabuwar riga.

Tsohuwa ta ce, "To, dawo min da Lantana yadda ka dawo."

Ya duba jakarsa, ya sosa ƙeya. "Iya, babu madannin wannan."

Wallahi duk sanda na zo wurin nan sai raina ya ɓaci.

Shi ya sa har yau Iya Yalwa ba ta nemi wani murfin ba. Da ta ji takun jarumi a gindin dutse, sai ta ciko muciya da tuwon wutar ta watso. Kai kana cewa gem ya yi wuya. Ita kuwa so take ta gani ko rayukan nan naku suna ƙarewa.