Manomin da Ya Ɗora wa Ƙota Laifi

Irimiya, ajiye wayar nan. Tun ran da na yi kuskuren nuna muku manhajar da na rubuta wa ƙungiyar mawaƙan coci, ban sake fita daga sujada lafiya ba. Wannan ya ja mini riga, wancan ya tare ƙofa: "Malam, da wane yaren kwamfuta zan fara?" Laifina ne da Allah ya ba ni kai? To, ku kasa kunne.

An yi wani mutum da ya gaji gona, bai taɓa noma ba. Ruwa ya sauka, ya yi shuka, gero ya tsiro, ciyawa ma ta tsiro tare da shi. Sai ya tafi wurin maƙeri ya sayi fartanya. Kafin rana ta take, tafin hannunsa ya yi bororo. Ya koma ya ce, "Maƙeri, wannan ƙota muguwa ce. Ba ni wata."

Aka ba shi mai doguwar ƙota. Washegari ta fasa masa wani wuri dabam. Maƙwabcinsa ya leƙo ya ce, "Ai mutanen ƙetaren kogi sun bar irin wannan, mai faɗin baki ake yayi." Bai ko sha ruwa ba, ya haye kogi. Ita ma ta cije shi a gindin yatsa. Daga nan ba zama ba tsayuwa: yau kasuwa, gobe maƙera, jibi gindin bishiya ana gardamar ƙota. Duk garin ba wanda ya kai shi iya zancen fartanya.

Matarsa ta ce, "Maigida, fartanya ta cika ɗaki. Ita zan daka wa yara?"

Ya ce, "Ke dai bari. Saura kaɗan in samu wadda ba ta ciwo."

Ran da ya koma gonar, ciyawa ta kai ƙugu, geron ya ƙanƙance a ƙarƙashinta, ba sauran abin ceto. Ya dubi hannuwansa: ciwo ko'ina, kanta babu. Shekarar nan rumbunsa ɓeraye ma ba su kwana ciki ba.

Ga ma'anar misalin, don na ga Liyatu ta fara hamma. Gonar ita ce abin da kake so ka gina. Ciyawa lokacinka ne da ke wucewa. Fartanyoyin su ne yarukan kwamfuta: Python, da JavaScript, da Java, da sauran 'yan'uwansu. Bororon kuwa shi ne jan rubutun nan da kwamfuta ke watsa maka idan abin da ka rubuta ya ƙi tashi.

Ba fartanyar da ba ta cizon sabon hannu. Wanda ya jure wa guda ɗaya, bororon zai fashe, ya warke, ya zama kanta, daga nan kowace ƙota ya kama sai ta bi shi. Wanda yake sauyawa kuwa, kullum sabuwar fata yake miƙa wa ciwo.

Saboda haka ka duba yaren da wani na kusa da kai ya iya, don ka samu mai tambaya ranar da ka maƙale. Ka ɗauke shi, ka toshe kunne. Haka addu'a take, haka aure yake, tambayi iyayenka.

Liyatu, tun Ista kike sauya yare kamar ɗankwali, har yau ba ki rubuta abin da zai tara biyu da biyu ba. Kada ki harare ni, 'yata, ba ni na shuka ciyawar ba. Damina dai ba ta jiran mai zaɓen ƙota.

Ku rufe ido, mu roƙi haƙuri.