Namadi Baduku da Allurar Balbela

A wani gari da ba sai na kama sunansa ba, an yi wani mutum, baduku, ana ce masa Namadi. Ku gyara zama, jama'a. Labarin nan na zamanin allura da asibiti ne, kuma a kan mage yake. I, mage na ce. Na ga wasu sun fara murmushi. Ku bari mu kai ƙarshe tukuna.

Namadi ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne. A ƙofar gida yake zama yana ɗinkin takalma da jaka. Katanga ɗaya ta raba shi da wata tsohuwa, Hajiya Tabawa, wadda ta yi shekara talatin tana aikin jinya kafin ta ajiye. 'Ya'yanta duk sun watse garuruwa, ba ta da abokin zama sai wata farar mage da take kira Balbela. To ashe dabba ma tana yin ciwon suga kamar mutum. Magen nan ta kamu, kullum sai an yi mata allurar insulin sau biyu, safe da yamma, bayan ta ci abinci.

Ana nan sai yanar ido ta rufe wa Hajiya gani. 'Yarta ta zo tafiya da ita birni a yi mata aiki. Ranar tafiya Hajiya ta aika aka kira Namadi, ta zaunar da shi, ta ɗora masa sirinji a hannu.

"Namadi, mai huda fata da basilla ba zai ji tsoron wannan ba. Ka kama fatar ƙeyarta haka, ka ɗaga, ka tsira. Ga layuka nan a jikin sirinjin, layi huɗu da safe, huɗu da yamma. Kada ka rage, kada ka ƙara. Amana na ba ka."

Ya ce, "Na karɓa, Hajiya. Allah Ya ba ni ikon riƙewa."

Sati uku aka ce za ta yi. Sai idon ya ƙi daɗi, aka sake aiki, sati uku ya zama wata biyar.

Tun daga ranar Namadi bai ƙara sanin kwanciyar hankali ba. Maganin ba ya son zafi, shi kuma ba shi da firji, sai ya sa kwalbar a 'yar tukunya, ya binne tukunyar cikin jiƙaƙƙen yashi gindin randa. Yana cikin ɗinki zai ajiye basilla ya je ya taɓa yashin. Ya dawo ya zauna, ya sake miƙewa ya leƙa ko magen ta sha ruwa. Ɗaurin aure a ƙauye, in ya san ba zai dawo kafin magariba ba, sai ya aika da uzuri. Abinci kuwa, abin da aka ce shi yake ba ta, nama da kan kifi. Hajiya takan ji tausayi ta gutsura mata burodi ko ta bar mata ragowar tuwo. Namadi ko loma bai yarda a ba ta ba.

Matarsa Ladidi ta gaji, ta ce, "Malam, ko ni da na yi zazzaɓi bara ba ka yi wannan zirga-zirgar ba."

Ya ce, "Ke kina da baki, kin faɗa mini inda ke miki ciwo. Ita fa?"

To ku saurara. Wata ranar kasuwa, magen ta ci rabin abincinta ta bar rabi. Namadi ya tsaya da sirinji a hannu. Ya tuna maganar Hajiya, kada ka rage, kada ka ƙara. Ya zuƙi layi huɗu ya tsira mata. Rana ta take, yana ciniki da wani a kan jaka, sai ya ji Ladidi ta ƙwala kira daga cikin gida. Ya tarar da Balbela tana tangaɗi kamar ƙafafun ba nata ba ne, ta faɗi, jikinta na karkarwa, idanu a ƙafe. Allah Ya taimake shi ya tuna Hajiya ta taɓa cewa in suga ya faɗi a nemi zuma. Ya lakata ya shafa mata a dasashi, ya naɗe ta a rigarsa, ya fita ko takalmi babu, shi da yake ɗinka wa gari takalma. Ya tsayar da ɗan acaɓa, sai asibitin dabbobi.

Likita ya yi abin da zai yi, magen ta farfaɗo. Sannan ya juyo. "Ta ci abinci sosai da safe?"

Ba wanda ya gani, jama'a. Da ya ce ta ci, ba mai ƙaryata shi. Namadi ya sunkuyar da kai ya ce, "Rabi ta ci, likita. Na gani, na yi mata huɗun duk da haka. Hannuna ne."

Likita ya ce, "Gara da ka faɗa. Amma ba yau kaɗai ba ne. Ka gyara mata abinci, jikinta ya soma farfaɗowa, huɗun ya yi mata yawa. Ma'aunin maganin nan ba ya zama wuri ɗaya. Ka koma biyu. Ran da ta ƙi abinci, kada ka yi mata sai ka kira ni." Ya kuma koya masa yadda ake huda gefen kunne a ɗiga jini a kan na'urar gwajin suga, wadda Hajiya ta bar masa amma yake tsoron taɓawa.

A gida Ladidi ta ce, "Ka yi shiru mana. Tsohuwa na fama da ido, me zai sa ka tayar mata da hankali? Mage ta tashi, magana ta ƙare."

Ya yi shawagi a tsakar gida, ya ɗauki waya ya ajiye, ya ɗauka ya ajiye. Daga ƙarshe ya ce, "Kayanta ne. Ba zan sauya mata umarni a ɓoye ba." Ya buga.

Hajiya ba ta bari ya gama ba. "Biyu? Wa ya ce ka rage? Shekara talatin ina yi wa mutane allura, kai baduku za ka koya mini? Ka koma huɗu!"

"Hajiya, ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Na ga abin da huɗu ya yi mata."

Ta kashe waya. Kuma kun san yadda magana take tafiya. 'Yar Hajiya ta faɗa wa wata, wata ta faɗa wa wata, kafin sati labari ya iso teburin mai shayi da sabon fasali: wai Namadi yana rage wa mage magani yana sayar wa masu ciwon suga. Mutumin da bai taɓa musanya wa kowa fata ba, ya wuce ana nuna shi da baki. Wasu suka daina kawo ɗinki. Abin ya ci shi, ya rame, abinci ba ya wuce masa. Sau da yawa yakan tsaya da sirinji yana cewa a ransa, in na cika huɗun nan sunana ya wanku. Sai ya dubi magen, ya tsaya a biyu.

Kada ku ce wahala ta ƙare nan. Bayan wata guda magen ta koma shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari ko'ina, tana ramewa, na'ura ta nuna suga ya hau. Ya sake ɗaukarta zuwa asibiti. Ashe haƙori ne ya ruɓe, ciwon ya tayar da sugan. Aka cire, likita ya ce uku. Bakin ya warke, aka dawo biyu, daga baya ɗaya. Kowane sauyi sai Namadi ya aika wa Hajiya saƙo. Ko ɗaya ba ta amsa ba.

Ranar da ta dawo, da la'asar sakaliya, ko hutawa ba ta yi ba ta shigo gidansa da sabon tabarau. Ba gaisuwar kirki. "Kawo mini magena da maganina."

Ya kawo. Ta ba magen abinci, ta zuƙi layi huɗu a gabansa. Namadi ya durƙusa.

"Hajiya, mage taki ce, ba ni da ikon riƙe miki hannu. Abu ɗaya nake roƙo, don Allah ki gwada jininta kafin ki tsira. In na yi ƙarya, ki tara unguwa ki faɗa."

Ta harare shi. Amma aikin shekara talatin bai bar ta ba. Ta huda kunnen, ta ɗiga jinin, ta kai na'urar kusa da ido. Ta daɗe tana kallo. Sugan bai hau ba. Ta ajiye sirinjin a kan tabarma a hankali.

"Innalillahi. Da na kashe ta da hannuna." Ta share ido da gefen mayafi. "Namadi, ni magen da na bari nake tunawa, kai wadda ke gabanka kake kallo. Ka yafe mini, ɗan nan."

Washegari da safe ta dogara sanda har teburin mai shayi, ta tsaya a gaban maza ta wanke shi da bakinta.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Amana tana son gaskiya ko da gaskiyar za ta ja maka zargi, kuma tana son ido a buɗe kullum, domin abin da aka ba ka riƙo yana sauyawa. Kowannenku akwai mai rai a hannunsa. Mahaifinka da bara abinci kawai yake buƙata, bana wataƙila zama yake so ka yi kusa da shi. Ɗanka da tsawa ta gyara yana shekara bakwai, yau yana sha bakwai, tsawar nan za ta iya karya shi. Matarka da ka saba yi wa abu ɗaya tun tana amarya, yaushe rabon da ka tambaye ta abin da ke damunta yanzu? Kana cewa ai ina yi, ai ban fasa ba. Kana yi, amma ka duba kuwa? Baduku ya jure zagi a kan dabbar da ba za ta iya yi masa godiya ba. Kai naka suna da baki, suna cikin gidanka. In kun tashi daga nan, kowa ya je ya dubi nasa da kyau, ya tambaya, ya saurara, in ma'aunin ya sauya ya sauya tare da shi. Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da Ya damƙa mana. Ku ce amin.