Kuben Tunau da Mesar Mashigi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da tabarma.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wata mesa ce ta tare kan tsamiya a mashigin rafin wani gari. Duk wanda ya zo wucewa, sai ta zuro wutsiya ta kama ƙafafunsa, ta rataye shi kai ƙasa, ta girgiza shi har makaminsa ya faɗi, sannan ta haɗiye shi. Haka ta yi wa Barmo mafarauci.

Barmo yana da ƙane, sunansa Tunau. Da labari ya iske Tunau, sai ya wasa wuƙarsa. Ya ce, "Kaifi kam akwai. Saura abin da zai riƙe ta."

Sai ya tafi rumfar dukawa. Baduku na farko ya miƙo masa jan kube mai ado. Tunau ya zura wuƙa, ya kifa kuben. Wuƙa ta sulluɓe, ta kafe a ƙasa dab da yatsansa.

Ya ce, "Malam, kyau kam akwai, amma ba riƙo."

Sai ya je wurin na biyu. Wannan ya ba shi baƙin kube mai tauri. Wuƙa ta shiga da ƙyar. Tunau ya kifa, ba ta faɗi ba. Ya ja, ta ƙi fita. Ya sa hannu biyu, har ya yi gumi.

Ya ce, "Malam, kafin in zare wannan an gama da ni."

Sai ya je wurin na uku, wani tsoho mai suna Cindo. Tsoho ya ce, "Ɗana, ba ni wuƙar tukuna." Ya jiƙa fata, ya naɗe ta a jikin wuƙar, ya ɗinke, ya tsuke bakin daidai wuyan ƙota. Da ta bushe ya ce, "Kifa."

Tunau ya kifa, ya girgiza. Wuƙa na nan. Ya tura ƙota da babban yatsa, sai ga ta a hannunsa.

Tunau ya ɗaura kube a ƙugu, ya nufi mashigi. Mesa ta zuro wutsiya, ta yi sama da shi. Ta girgiza shi, hularsa ta faɗa ruwa. Ta sake girgizawa, gorarsa ta faɗa ruwa.

Ta ce, "Ɗan mutum, ina makaminka?"

Ya ce, "Ƙara girgizawa ki gani."

Ta girgiza shi har ganyen tsamiya ya zube. Ba ta ji ƙarar ƙarfe ba. Ta ce, "Ashe hannu wofi ka zo." Ta wangame baki.

Sai Tunau ya tura ƙota da yatsa, ya soke ta a maƙogwaro, ya tsarge ta har ciki. Mesa ta sake shi, ta faɗo rim. Mutanen da ta haɗiye suka yi ta fitowa suna share fuska. Barmo ne na ƙarshe.

Ya dubi ƙanensa ya ce, "Ni tawa wuƙar tun girgizar farko ta faɗi."

Tunau ya goya shi zuwa gida. Gari ya fito da kalangu da guɗa, mata suka koma ɗibar ruwa a mashigi tun ranar.

Ƙurunƙus kan kusu. In za ku zaɓi kube, yara, ku kifa shi tukuna ku ga ko ya riƙe, sannan ku ja ku ga ko ya saki.